Gurnanin Darasi na Bakwai

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fara tambayar ɗalibai ra'ayinsu a kaina, kuma har yau ban yafe ba. A lokacin takarda ake rabawa a ƙarshen zango, yaro ya yi zane a akwati: ya gamsar, bai gamsar ba. Da waɗannan takardun aka hana ni shugabancin sashe, aka ba wani da ke raɗa wa ɗalibai tambayoyin jarrabawa da sunan bita. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da yadda ake duba marar lafiya da ido da hannu da kunne, aka sallame ni da agogon bango. Yana nan a falo. Latti yake yi da minti huɗu, ban gyara ba.

Na ɗauka da na yi ritaya na rabu da alƙalancin yara. Sai na kai kaina da ƙafata. Shekara biyu da suka wuce wani kamfani mai sayar da darussan likitanci ta intanet ya ɗauki bidiyon darussana goma sha biyu a kan duba ƙirji. Yanzu ba takarda ba ce, taurari ne. Duk wanda ya kalla, ko minti ɗaya ya kalla yana tauna cingam, yana da ikon ya ba ni daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta abin da ya ga dama a ƙasa, ba suna, ba fuska.

Ɗazu Manajan kamfanin ya aiko da saƙo. Manaja ɗalibina ne a da. Sau biyu na kayar da shi a jarrabawar gefen gado saboda ya ɗora abin sauraren ƙirji a kan riga. Ya bar aikin likita ya koma zana jadawali, kuma marasa lafiya sun huta. Ya ce taurarina sun sauko uku da ɗigo biyu, kuma dokar kamfani ita ce duk kwas ɗin da bai kai uku da rabi ba ranar ƙarshen wata, za a sauke shi daga shafin, a goge. Ya rufe da “Allah ya ƙara wa Malam lafiya.”

A goge. Har da Darasi na Bakwai.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Na zauna na karanta hukuncin alƙalaina.

“Tsohon nan ba ya murmushi.” Tauraro biyu.

“Yana yin shiru da yawa, datata na ƙarewa.” Tauraro ɗaya.

“Ba ya faɗin abin da zai fito a jarrabawa.” Tauraro ɗaya.

“Rigarsa ɗaya ce a duk darussan.” Tauraro uku, na gode da karamci. Riga uku ce iri ɗaya. Wadda ta goge su ta san haka.

Sai gwanin gwanaye: “Akwai ƙara a sautin Darasi na Bakwai kamar an tada janareta a maƙwabta. Ku gyara.” Mutum goma sha tara sun danna cewa sun yarda da shi. Likitocin gobe goma sha tara.

Janaretan nan shi ne darasin. Mace ce kwance a gefenta na hagu, fuskarta ba ta fito ba, hannuna ne kawai da abin sauraren kamfani mai naɗar sauti. Ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciyarta ta tsuke tun tana yarinya, bayan wani zazzaɓi da ya kama mata gaɓoɓi. Idan jini zai wuce sai ya yi gurnani, can ƙasa-ƙasa, bayan bugu na biyu. Likitan da bai san wannan gurnanin ba zai sallami mai ciki, ya ce mata haki ne na nauyin ciki, ta tafi gida ta mutu a wata na takwas. Shi ya sa na yi shiru na sakan arba'in cif, don kunnen ɗalibi ya saba. Sun ji shi kuwa. Sun ji, suka kai ƙarar maƙwabci.

Daga yau ba na sake karanta ko ɗaya.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Kofi biyu na sauko da su. Na mayar da ɗaya.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Mai Ƙashi ya zo. Ajinmu ɗaya tun shekarar farko, likitan ƙashi ne, shi ma kamfanin ya ɗauke shi. Taurarinsa huɗu da ɗigo takwas. Yana buɗe kowane darasi da “Sannunku 'ya'yana!” yana riƙe da hannun kwarangwal yana ɗaga wa jama'a. Mutumin da a zamaninsa ma'aikatan tiyata ke ɓuya a bayi in sun ji takunsa.

“Mai Kunne,” ya ce, “an ce za a kore ka daga intanet. Kai kaɗai na sani da za a yi wa ritaya sau biyu.”

Na ce gara a kore ni da in yi rawa da gawa.

“Roba ce, ba gawa ba. Kuma yaran nan ba duka ne sakarkaru ba. Wata ta rubuta mini cewa na faɗi kusurwar ɗaurin gwiwar hannu ba daidai ba a darasi na huɗu. Na duba, wallahi gaskiyarta. Na gyara, na yi mata godiya.”

“Ka yi wa ɗaliba godiya.”

“Har da hoton fure.”

Na ce abin da ya rage masa shi ne ya ɗauki jakarta ya raka ta aji. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Sannan ya dubi kujerar da ke kusa da taga, ya ce, “Ranar ashirin da bakwai shekara guda ke nan ko?”

Na ce masa shayinsa na hucewa.

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Uwata ta kira. Ita ce 'yata tilo, tana can inda aure ya kai ta, tafiyar yini guda. Ina jin jaririnta na tsala kuka a bayanta. Mai Ƙashi ya kai mata rahoto, bakinsa kamar ƙofar asibiti, ba a rufewa.

“Baba, tun wata shida nake ce maka ka karɓo mana Darasi na Bakwai a ajiye a gida. Manhajarsu ba ta bari a fitar da komai. In suka goge fa?”

Na ce ba za su goge ba.

“To ka roƙe su mana. Minti biyu ne.”

“In roƙi wa? Yaron da ke auna ƙirji ta kan riga? Yanzu da ya ɗora mini wuƙa a wuya zan je in ce don Allah? In wata ya ƙare, ko sama ko ƙasa, zan je in karɓa a matsayin haƙƙina.”

“Baba, akwai muryar Umma a ciki. Inda ta ce maka hannunka da sanyi.”

Na ce mata ta je ta duba yaron nan, kukansa na yunwa ne. Ta ce ba yunwa ba ce, haƙori ne. Kowa ya zama likita.

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe uku na yamma

Na je ofishinsu. Hawa na uku, bango duk gilashi, kujerun zama kamar buhunan auduga, in ka nutse sai an jawo ka. Na ƙi zama. A bango akwai wani ƙaton allo da sunayen malamai a jere, kowa da taurarinsa, suna hawa suna sauka kamar zazzaɓi. Nawa na biyun ƙarshe, da ja. Na ƙarshen wani ne da ya rasu bara, bai samu damar yin murmushi ba.

Manaja ya taso har da rusunawa. “Ranka ya daɗe, ba mu ne ke magana ba, masu amfani ne ke magana. Mu saurare kawai muke yi.”

Na ce, “Ashe ka koyi saurare. Da ka koya da wuri, da yanzu kana asibiti.”

Ya yi irin dariyar da ake yi wa tsoho da marar lafiya. Ya kira mai sautinsu, wani magidanci mai furfura a gemu, da ƙaton abin kunne rataye a wuya. Wai ya yi shekara ashirin a gidan rediyo. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, “Dakta, ba sai ka sake ɗaukar komai ba. Mun tattara duk ƙorafin da aka yi, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu gyara daga nan. Ga jerin, ka duba in akwai wanda ba ka yarda a taɓa ba.”

Shafi uku. Manaja ya miƙo biro. Na ga yadda suke kallona su biyu, suna jiran tsoho ya sa tabarau ya bi layi da yatsa, ya yi ciniki a kan kowane, ya roƙi a bar masa wannan a bar masa wancan. Ban ba su wannan daɗin ba. Na juya shafi na ƙarshe na sa hannu ina kallon taga, don su san takardarsu ba ta kai in karanta ba.

“Malam ba zai duba ba?”

“Ku sa mini gashin baki in kun ga dama.”

Na sauko ta matakala. Ba na shiga lif ɗin da aka manna wa takardar tambayar ko na ji daɗin hawa.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Kofi ɗaya. Sai da na tsaya na ƙirga.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na'urar kamfanin tana aiko mini da saƙo duk sanda wani ya ba ni tauraro ɗaya, wai don in ɗauki mataki. “Wani mai amfani bai gamsu ba. Danna nan ka karanta.” Yau ma ɗaya ya shigo. Na ɗauki mataki. Na goge shi ban buɗe ba. Akwai daɗi, kamar kashe sauro.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Na share ɗakin karatu, na kakkaɓe littattafai. Abin saurarena na nan a aljihun tebur, robarsa ta fara tauri. Shekara talatin da shida kowace safiya, kafin shayi, nakan ce uwar Uwata ta kwanta a gefen hagu. Takan ce, “Kai dai ba ka gajiya da jin labari ɗaya.” Nakan ce labarin ne ba ya son canzawa, kuma haka nake so. Da shi na san ranar da za a ƙara magani, da shi na hana ciki na biyu.

Ita ta ce a ɗauke ta a bidiyon. Ni na ƙi. Ta ce, “Shekara nawa kana jin abin nan kai kaɗai kamar marowaci? Bari yaran mutane su ji, ko wata ta tsira.” Ta zauna awa biyu a ɗakin sanyin nan nasu ba ta ce uffan ba, sai da na ɗora hannu.

Ban buɗe Darasi na Bakwai ba tun bara. Ba sai na buɗe ba. Na san yana nan, kamar yadda kake sanin akwai mutum a ɗaki na gaba ba sai ka leƙa ba. Na ajiye wa ranar ashirin da bakwai.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Manaja ya aiko: uku da ɗigo shida, da hoton hannu mai tafi. Ban san me suka yi ba, ban tambaya ba. Wataƙila sun sa gashin bakin.

Wani tauraro ɗaya ya shigo. Ya bi ɗan'uwansa.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Na je a auna mini jini a ƙaramin asibitin unguwa. Likitan yaro ne, idonsa a kwamfuta, hannunsa a kwamfuta. Ya miƙo abin saurare ya taɓa ƙirjina ta kan riga da singileti da biro a aljihu, sakan uku, ya ce, “Baba, zuciyarka lafiya lau.” Na ce ta biron ko tawa? Bai gane ba.

A bakin ƙofa sun kafa wani ƙarfe mai maɓalli uku: fuska mai dariya, fuska mai shiru, fuska mai fushi. Mai karɓar kati ta ce, “Baba, danna mana ɗaya.” Na danna jar da ƙarfi. Da na waiwaya sai na ga yaron ta ƙofar da ba ta rufu ba, ya dafe goshi, ga layi har waje. Ba wanda zai gaya masa dalilin jar. Zai ɗauka don bai yi murmushi ba ne.

Ba ruwana.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Tauraro ɗaya na uku. Wannan karon farkon rubutun ya fito a saman saƙon kafin in goge: “Don Allah Malam, sau uku ke nan…” Wato sun koma roƙo. Na goge.

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Huɗu da ɗigo ɗaya. Manaja da kansa ya kira, muryarsa kamar ya ciro ƙari daga ciki. “Ranka ya daɗe, kwas ya tsira! Ka ga amfanin saurare?” Mai Ƙashi ma ya kira: “Mai Kunne, ka kusa kamo ni. In aro maka kwarangwal?”

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Bayan na ajiye waya na buɗe saƙon na sake duba lambar. Sau biyu. Ni, da na yi jarrabawar ƙwarewa a gaban mutum biyar da ba su taɓa cewa “madalla” ba a rayuwarsu, na zauna ina kallon huɗu da ɗigo ɗaya ina jin sanyi a rai. Tir.

Na aika wa Uwata cewa ranar ɗaya ga wata zan karɓo mata abinta.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Ba ita ba ce.

Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya

Na yi wanka, na sa ɗaya daga cikin riguna ukun. Na ja kujera kusa da taga, na sa abin kunne mai kyau, na buɗe. Sun ƙara haske, sun sa rubutu a ƙasa, sun sa wani ɗan kiɗa a farko. Na daure. Minti na goma sha ɗaya hannuna ya shigo. Ta ce, “Kai, hannunka da sanyi.” Wannan sun bar shi. Na tsayar, na tashi na zagaya falo, na dawo.

Sai muryata: “Yanzu ku yi shiru ku saurari gurnanin da ke bin bugu na biyu.”

Bugu na ɗaya, bugu na biyu. Tsakani fayau. Bugu na ɗaya, bugu na biyu. Zuciyar 'yar shekara ashirin mai wasan guje-guje. Sakan goma sha biyu, sannan aka yanke zuwa fuskata ina cewa, “Kun ji shi ko?”

Na canza abin kunne. Na canza kwamfuta zuwa waya. Na zargi kunnena, har na ɗauko abin saurare na ɗora a ƙirjina don in tabbatar ban kurmance ba. Ina ji sarai.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Na hau hawa ukun ban san na hau ba. Mai sauti na tarar da farko.

“Me ka yi wa Darasi na Bakwai?”

Fuskarsa ta washe, yana jiran yabo. “A, Dakta, wannan ya ba ni wahala. Ƙarar tana can ƙasa, ta manne da bugun. Yini guda na yi ina tsince ta bugu bayan bugu. Amma ka ji yadda ya fito tas.”

“Ƙarar ita ce cutar.”

Ya dube ni. Ya cire abin kunnen daga wuya ya ajiye a tebur a hankali. “Yana cikin jerin, Dakta. Lamba ta goma sha huɗu, shafi na biyu. Na ma ja layi a ƙarƙashi, na rubuta ‘a tambayi Dakta’, don na ga sautin jiki ne. Da ka sa hannu sai na ɗauka ka gani.”

Ya ciro takardar. Ga layin da jan biro. Ga sa hannuna a shafi na uku, ƙato, har ya haura layi.

Na ce ya dawo da na asali. Ya shiga danne-danne. Manaja ya fito daga gilashinsa ya tsaya a bayansa. Suka yi ƙus-ƙus. Sai Manaja ya ce, “Ranka ya daɗe, in an sauya bidiyo, na'ura na riƙe tsohon kwana goma sha huɗu ko da za a yi ƙorafi. Bayan nan takan share don a samu wuri. An sauya ranar sha ɗaya.”

Na iya lissafi. Shekaranjiya.

“Kuma ba wanda ya yi ƙorafi?”

Manaja ya juyo da allon. Mutum ɗaya, sau uku, tauraro ɗaya kowane. Ya ce su sun gani, amma ra'ayi ɗaya ne a cikin ɗari biyu masu yabo, tsarinsu ba ya ɗaga irin wannan. Shi ya sa na'ura ke tura wa malami kai tsaye, don shi ya san fanninsa.

Ga na ranar sha uku, na kwafe shi da hannuna: “Ni ungozoma ce. Me kuka yi wa Darasi na Bakwai? An cire sautin. Malam yana cewa a ji gurnani, babu gurnani. Na ba da tauraro ɗaya ne don a gani da wuri, ba don raini ba. Ku mayar da na da.”

Manaja ya ce, “Malam, ka zauna.” Na zauna a buhun audugar. Sai da suka jawo ni su biyu.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe uku na yamma

Manaja ya nemi izininta ya ba ni lambarta. Na yi tunanin tunda manhajar na bari a ajiye darasi a ciki don kallo ba intanet, wataƙila tsohon na wayarta. Sai da na kira sau huɗu ta ɗauka. Ina jin ƙarar ƙarfen gado da wata na nishi a nesa.

“Wa ke magana?”

Na faɗa mata.

“Kai! Malam da kansa? Yi haƙuri, hannuna da safar roba. Malam, sau uku na rubuta.”

“Na sani, 'yata.”

“Na ce ko ba ka da lafiya ne.”

Na tambaye ta tsohon. Ta ce yana wayarta wata takwas, ta saurare shi ya fi sau hamsin, a mota, a wurin girki, har mijinta na cewa ta auri janareta. Ranar sha uku ta kunna data don ta nuna wa sabuwar ma'aikaciya, manhajar ta sabunta kanta, ya tafi. Da haka ta gane.

“Amma Malam, ya riga ya shiga kunnena. Watan jiya wata ta zo awo, ciki wata bakwai, tana haki, kowa na cewa nauyi ne. Na kwantar da ita a gefen hagu yadda ka ce, na ɗaga riga, na yi shiru. Wallahi ga shi nan, sak na matar bidiyon. Na sa aka kai ta babban asibiti ranar. Tana can suna lura da ita, jiya ma mijin ya kira.”

Na zauna a kujerar da ke kusa da taga.

“Malam, kana ji? Ita matar bidiyon, ya jikinta? Kullum ina so in tambaya. In ka gan ta ka ce wata ungozoma na gaishe ta.”

Na ce mata kamar ana kiranta a ɗakin haihuwa. Ta ce e, gaskiya ne, ta ajiye.

Ban yi mata godiya ba. Na tuna bayan ta ajiye.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na gaya wa Uwata. Na jira ta ce “ai na gaya maka”, na ma shirya amsa. Ba ta ce ba. Ta ce, “Muryarta na nan ai, Baba. Ka karɓo mana wannan.”

Ita muryar take so, kuma tana da gaskiya, uwarta ce. Muryar kowa ya ji ta, maƙwabta, masu shago, 'yan biki. Gurnanin kuwa ni kaɗai na ji shi, sai ɗalibai goma sha tara da suka ce a gyara, sai ungozoma guda.

Na gwada yin sa da baki a ɗakin karatu. Abin da ya fito kamar tsoho na gyaran murya.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Mai Ƙashi ya zo ya zauna awa guda. Bai yi barkwanci ko ɗaya ba. Na fi son sa da kwarangwal.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Na koma ofishin. A allon bango sunana ya hau tsakiya, da kore. Huɗu da ɗigo biyu.

Na ce wa Manaja a sauke Darasi na Bakwai yau. Ya ce, “Ranka ya daɗe, shi ne ya fi kowane taurari yanzu. Suna son inda ta ce hannunka da sanyi.” Na ce darasi ne da ke nuna wa ɗalibi lafiyayyar zuciya ya ce masa ga cuta, duk wanda ya koya daga gare shi zai sallami mai ciki ta tafi gida. Na ce in bai gane wannan ba, in kayar da shi karo na uku. Bai yi dariyar tsoho ba. Ya sauke a gabana. Ya ce za su nemi wata marar lafiya a sake ɗauka, in na yarda. Na ce a kawo takardar, zan karanta.

Mai sauti ya biyo ni har matakala da ɗan abin ajiyar fayil na kwamfuta a hannu. Ya yanko mini muryar, sakan biyu. Ya ce, “Dakta, da na sani…” Na ce ai ya ja layi, aikinsa ya yi. Na aika wa Uwata. Na rubuta wa ungozomar layi biyu a ƙarƙashin tauraronta ɗaya, inda kowa zai gani. Ba hoton fure.

Kwas ya tsira. Darasi goma sha ɗaya.

Abin da aka share sakan arba'in ne, bugu hamsin da biyu. Zuciyar matata ce. Ta rasu bara, ranar ashirin da bakwai ga wannan watan, kuma babu wani wurin da aka naɗe ta.